Dubu Goma da Ɗaya, da Abin da Na Ɓoye a Cikinta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Ina gaishe ki, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya a ɗakin da aka sauke ki, kin huce gajiyar hanya. Allah Ya sa kun sauka Kano lafiya, Ya tsare ki daga abin da kike gani da wanda ba kya gani. Na sa takardar a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin robar yaji da ƙullin kuka, don na san hannunki ba zai kai can ba sai kin kwana biyu kin fara marmarin miyar gida. Da la'asar nake rubuta ta. Kin tafi Gwaram yi wa su Goggo sallama, ƙannenki suna islamiyya, Babanki bai dawo daga tasha ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan za ki ji shi a waya. Magana ce da na kasa faɗa da baki. Kin san ni, tun ina yarinya in magana ta yi nauyi sai ta ƙi fita a bakina, amma in na riƙe biro tana fita.

Lissafi za ki karanta a jami'a, kuma a hannun Dokta Rabi za ki zauna. Kin san ƙawata ce ta makaranta. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da na yi mata, kuma gara ki ji daga gare ni.

A sakandaren 'yan mata ta kwana a nan Birnin Kudu muka haɗu, ni daga Kangire, ita daga Gwaram. Gadonmu ɗaya, tana sama ina ƙasa. Garin kwakinmu ɗaya, ƙuli-ƙulinmu ɗaya. A ajin lissafi mu biyu ne a gaba, sai dai ba iri ɗaya muke ba. Rabi tana da sauri, tana da baki. In ta miƙe tana bayani har 'yan bayan aji sukan daina gyangyaɗi. Ni kuwa haƙuri ne nawa. Zan zauna da dogon rabawa har shafi ya cika ban yi kuskure ba, amma in Malam ya kira sunana sai in ɓoye fuskata a bayan littafi. Saboda haka muka saba da wata hanya: in aka ba da aiki mu raba shi biyu, in yi mai wuyar a takarda, ita ta miƙe ta faɗa. Malamai su ce, "Madalla, Rabi." Tana dawowa ta matse mini hannu a ƙarƙashin tebur ta ce, "Namu ne, Sa'a." Ina murmushi, amma kunnena bai ji an ce namu ba. Rabi na ji an ce.

Muna aji biyar aka ce za a tura yarinya ɗaya gasar lissafi a Dutse. Malam Garba, malaminmu na lissafi, ya shigo ran Alhamis ya ɗauki alli ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe: 10,001.

Ya ce, "Dubu goma da ɗaya. Ku dube ta da kyau. Ko ta gaba kuka karanta ta ko ta baya, ita ce dai. Mara ce, ba cika ba, don haka biyu ba ta raba ta. Tambayata ɗaya ce: tana cikin masu taurin kai ko ba ta ciki? Wadda ta kawo mini amsa da hujja ran Litinin, ita za ta Dutse."

Masu taurin kai shi ne sunan da muke kiran lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, irin su bakwai da goma sha uku. Kin fi ni sanin sunansu na Turanci.

A ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin cin abinci Rabi ta tsara mana aikin. Ta ce ba sai mun gwada kowace lamba ba. Ɗari sau ɗari dubu goma ne, saboda haka in akwai lambobi biyu da suka haɗu suka haifi wannan, dole ɗayarsu ba ta wuce ɗari ba. Kuma masu taurin kai kaɗai za mu gwada, su ashirin da biyar ne a ƙasa da ɗari. Ni ban hango haka ba. Ita ta hango a tsaye, tana taunar ƙuli-ƙuli.

Ta ce, "Ni in ɗauki sha uku na farko, daga biyu zuwa arba'in da ɗaya. Ke ki ɗauki sha biyun da suka rage. Kin fi ni haƙuri da manyan nan."

Na ce, "Ai kuwa kin iya rabo. Biyu da uku da biyar ko biro ba sa so."

Ta yi dariya ta ce, "To ai na fi ki da ɗaya. Kar ki damu, Sa'a mai dogon rabawa, in na je Dutse ke ma kin je. Zan kawo miki labari har da kalar labulen ɗakin."

Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma kalmar nan ta "in na je" ta zauna mini a ƙirji. Ko a ranta bai zo ba cewa ni ma zan iya zama mai tafiyar.

Ran Asabar da hantsi na zauna da nawa rabin. Arba'in da uku, saura ashirin da biyar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace tana barin saura. Saba'in da ɗaya, saura sittin da ɗaya. Sai na zo kan saba'in da uku, ita ce ta takwas a jerina. A ɗari ta shiga sau ɗaya, saura ashirin da bakwai. Na sauko da sifili, a ɗari biyu da saba'in ta shiga sau uku, saura hamsin da ɗaya. Na sauko da ɗayan ƙarshe, ɗari biyar da sha ɗaya. Saba'in da uku sau bakwai, ɗari biyar da sha ɗaya cif. Ba saura. Na maimaita sau uku. Saba'in da uku sau ɗari da talatin da bakwai, dubu goma da ɗaya. Lambar da ta yi kama da wadda ba ta da kowa, ashe 'ya'ya biyu ne suka tallafe ta.

Na tashi da gudu zan nemi Rabi. Na kai bakin famfo na hango ta tana wanki, 'yan mata sun kewaye ta tana ba su dariya. Sai ƙafata ta tsaya. Na koma aji, na yagi sabuwar takarda, na jera lambobina sha biyu da saurarsu. A gefen saba'in da uku na rubuta: saura biyar.

Da na miƙa mata, ko ƙasan takardar ba ta kai ba ta ce, "Babu ko ɗaya?"

Na ce, "Babu."

Ta ce, "Nawa ma babu. Ashe mai taurin kai ce, ja'ira."

Ran Litinin ta miƙe gaban aji ta yi bayani mai kyau, irin wanda har yau ban iya ba. Ta ce an gwada duka ashirin da biyar, babu wadda ta shiga. Malam Garba ya ce, "Kin tabbata? Duka kika gwada?" Ta ce, "Duka, Malam." Ya juyo ya ce ko akwai mai ja. Ni da ban taɓa ɗaga hannu ba a shekara biyar, ranar na ɗaga. Na je allo na rubuta rabawar. Aji ya ɗauki ihu. Wata daga baya ta ce, "Yau bakin Rabi ya mutu!" Malam ya ce, "Madalla, Sa'adatu." Abin da na shekara biyar ina jira ke nan, kuma da na ji shi bai kai yadda na zata ba.

Rabi ba ta tona ni ba. Da ta ce rabin aikin nawa ne, da Malam ya gane komai. Bayan an tashi ta zo ta ajiye takardata a kan teburina. Ta zagaye "saura biyar" da jan biro. Ta juya ta fita. A makon nan ta nemi a canja mata gado.

Na je Dutse. A ɓangaren rubutu na yi ƙoƙari. Da aka zo ɓangaren baki aka karanto tambaya, na san amsar sarai, amma na dubi mutanen da suka cika ɗakin sai harshena ya ƙi motsi. Na juya gefena ina neman wadda ta saba miƙewa, na tuna ni na bar ta a Birnin Kudu. Haka na dawo hannu rabbana.

'Yata, za a haɗa ki aiki da wasu, kuma wata za ta fi ki wani abu, dole ne. In kin ji abin nan ya taso miki a ƙirji, kada ki ce ba shi ba ne. Ki kira shi da sunansa, hassada ce, ki nemi tsarin Allah daga gare ta tun tana ƙarama. In kuma kina ganin ana cin guminki, ki buɗe baki ki faɗa a fili. Da na ce, "Rabi, wannan karon ni nake so in miƙe," na rantse da ta koya mini yadda ake tsayuwa. Kunya ta hana ni faɗar gaskiya, amma ba ta hana ni rubuta ƙarya ba. Duk rabin aikin da aka damƙa miki amana ne, ki mayar da shi yadda kika same shi.

Bayan mun gama makaranta ta rubuto mini wasiƙa sau biyu daga Kano. Babu zancen saba'in da uku a ciki, gaisuwa ce da labarin karatu. Ban amsa ba. Na gaya wa kaina kunyar abin da na yi ce. Da ƙyar na yarda cewa akwai wani abu kuma: ba na son karanta sunan jami'a a saman takardarta. Na yi kwalejin horon malamai, na yi aure, na koma Kangire ina koya wa 'yan aji huɗu sau biyu da sau uku. Ina son aikina, kada ki ɗauka ba na so. Amma duk lokacin da aka ce an ji Rabi a rediyo tana magana kan karatun 'ya'ya mata, sai in ce batirin ya yi sanyi. In kin ɓata wa mutum, ki je da wuri. Kwana ɗaya kalma ɗaya ce za ta isa. Ni na bari har ta shekara ashirin da wani abu, kullum tana ƙara nauyi.

Yanzu ga wanda ya fi mini wuyar rubutawa, don ke na yi wa.

Kina tuna ranar da kina aji uku na ƙaramar sakandare, muna tsakar gida kina tsinkar zogale, na ɗora ruwan tuwo? Na ce, "Ke da ake cewa kin iya lissafi, dubu goma da ɗaya tana rabuwa?" Kin ɗauka wasa nake miki. Ba wasa ba ne. So nake in ga kin sha wuyar da na sha, ki cika shafi, ki gaji, sannan in nuna miki.

Kika jawo tsohuwar kalanda kika juya bayanta. Kika ce, "Umma, rabawa za ta yi yawa. Bari in nemi lamba sau kanta da ta ɗan wuce ta, in ga abin da zai rage." Kika fara da ɗari da ɗaya sau ɗari da ɗaya. A gwaji na biyar kika tsaya: ɗari da biyar sau kanta, dubu sha ɗaya da ashirin da biyar. Kika cire dubu goma da ɗaya, saura dubu ɗaya da ashirin da huɗu. Kika yi tsalle kika ce, "Wannan ai talatin da biyu sau talatin da biyu ce!" Kika cire talatin da biyu daga ɗari da biyar, saba'in da uku. Kika ƙara ta a kai, ɗari da talatin da bakwai. Ruwan tuwo bai ma tafasa ba.

Kika ci gaba da zuba, idonki yana ƙyalli. Kika ce su biyun duk masu taurin kai ne, saboda haka lambobi huɗu kaɗai ke raba ta: ɗaya, da su biyun, da ita kanta. Kika ce in an tara ƙananan ukun ɗari biyu da sha ɗaya ne kawai, ko kusa da ita ba su kai ba. Kika ɗago kina jiran abin da zan ce.

Na ce, "Zogalen nan shi zai tsinke kansa?"

Babanki yana zaune a kan turmi yana gyara rediyo, ya ce, "Haba Sa'a, ko 'yar sannu?"

Goggo ta zo mana kwana biyu lokacin, ta ce, "Ƙyale ta, Malam. 'Yar fari ce. Wa ya taɓa ganin uwa ta yabi 'yar fari a gaban mutane? Mu ko sunan namu ba ma faɗa."

Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, na bar su a haka. Gaskiya ne ba na kiran sunanki, gaskiya ne haka muka taso a gidanmu, kuma ban raina al'adar ba. Amma ranar ba ita ce ta rufe mini baki ba. Na ga Rabi ce a fuskarki. Abin da ya ci mini hantsi guda, wanda na sayar da ƙawata a kansa, kin warware shi a bayan kalanda da ganye a cinyarki. Na yi ƙyashin 'yar da na haifa, kuma na sami mayafi mai kyau na lulluɓe shi. Shekara nawa ina amfani da mayafin nan. Kin kawo sakamako in ce ajiye a kan gado. An ba ki kyauta in ce Allah Ya sa albarka ina kallon tukunya.

Ki kiyayi wannan fiye da komai. Mugun hali ba ya zuwa da fuskarsa, yakan ari fuskar kunya, ko ta tarbiyya, ko ta addini. In kika ga ƙawarki ta yi abin yabo bakinki ya yi nauyi, ki tambayi kanki dalili kafin ki ba shi suna mai daɗi.

Ba zan ce miki na warke ba. Ranar da Rabi ta je makarantarku rabon kyaututtuka ta tambayi 'yar wace ce ke, ta biyo ki har gida, ina madafa da tsohon zani na ji sallama.

"Ina Sa'a mai dogon rabawa? Ko har yanzu sai an ja ta take fitowa?"

Na fito ina goge hannu. Na dubi motar a ƙofar gida, na dubi gilashin idonta, na dubi takalminta. Ta tuɓe shi ta zauna a tabarma, ta ci ɗanwake da hannu har da neman ƙarin yaji. Da ta yi girman kai da na sami abin riƙewa. Ba ta yi ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

Ta ce, "Yarinyar nan taki, ki ba ni aronta shekara huɗu."

Bakina ya ce, "Ai taki ce." Zuciyata ta ce, an fi ni a aji, an fi ni a duniya, yanzu kuma ɗiyar ma za a ɗauka.

Na ga yadda kika durƙusa kina zuba mata ruwa. Na ji dariyar da kika yi mata, irin wadda ba kya yi a gabana, kuma na san ni na hana ki. Tun daga ranar gidan nan ya cika da "Dokta ta ce". Ran nan kina shanya kika ce, "Umma, Dokta ta ce kada mutum ya miƙe gaban jama'a da amsar da bai gwada da hannunsa ba, ko da wanda ya fi yarda da shi ne ya ba shi. Wai kowane sabon ɗalibi da wannan take fara masa."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ni kaɗai a duniya na san inda ta koyi darasin nan. Kuma ki ji irin zuciyar uwarki: ko a lokacin, kafin nadama ta zo, abin da ya fara zuwa shi ne, ashe har sharrin da na yi mata ya zama abin da ake yabonta da shi.

Ki bi maganarta a lissafi, gaskiya ta faɗa. Amma kada ta sa ki ɗauka kowa irina ne. Ki yarda da mutane. Rabi ba ta yi wauta ba da ta yarda da ni, ni ce na yi laifi.

Na san abin da nake sawa a hannunki. Za ki zauna da matar da ta fi ni ilimi, ta fi ni baki, yanzu kuma kin san ta fi ni hali. Ina tsoron ki dawo hutu ki dube ni da wani ido. Na yi tunanin in yi shiru ki ci gaba da ɗaukata mai kunya kawai. Amma na taɓa miƙa wa wadda ta yarda da ni takardar ƙarya ta tafi da ita gaban mutane. Ba zan sake ba, balle a kanki. Ki so ta, ki yi mata biyayya, ki share mata ɗaki ba sai ta ce ba. In kishin ya taso mini, nawa ne, ni zan ji da shi a kan sallayata.

A cikin ambulan ɗin nan akwai wata tsohuwar takarda da ta yi ja, a naɗe huɗu. Ita ce. Za ki ga zagayen jan biro. Yau na soke "saura biyar", na rubuta "ba saura" a gefensa, na sa hannu. Ki kai mata ranar da kika ga ba ta da baƙi, ki miƙa da hannu biyu. Kada ki ba ta haƙuri a madadina, wannan aikina ne. Ki ce mata kawai, Umma ta ce ga nata rabin, ta gama. Ki ce kuma in ta yarda, ranar Asabar ta ƙarshen wata zan biyo motar Babanki in zo in faɗi sauran da bakina.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada lissafi ya sa ki manta. Yajin yana da zafi, kaɗan za ki riƙa sawa. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da abokan arziki, Ya buɗa miki abin da ya rufe mini, Ya ƙara miki a kan abin da Ya ba Rabi. Na rubuta wannan addu'ar ta ƙarshe, na karanta ta, na ga har zuciyata na yarda da ita.

Kalandar nan ban yar ba, tana ƙasan adakata. Aikin ya yi kyau, ban taɓa ganin irinsa ba.

Madalla, Maryam.

Mahaifiyarki,
Sa'adatu